Yaran hutu kaɗai: yadda mai raino a Ingila za ta tsara gurabenta

A makarantun gwamnati na Ingila ɗalibai suna zuwa aji kwana 190 a shekara, wato mako 38. Akwai kwana biyar da ake ware wa malamai don horo, su je makaranta yara su zauna a gida. Abin da ya rage, wajen mako 13, hutu ne: kusan mako shida na bazara daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, mako biyu na Kirsimeti, mako biyu na Ista, sai hutun tsakiyar zango na mako ɗaya-ɗaya a Oktoba, Fabrairu da ƙarshen Mayu. Ma'aikaci mai aikin kwana biyar a mako kuwa, hutun da doka ta tilasta a ba shi kwana 28 ne. Ratar da ke tsakanin waɗannan lissafi biyu ita ke kawo iyaye ƙofar mai raino, wato wadda ke riƙe yaran mutane a gidanta ana biyanta, suna tambaya: "Ko kina da wuri lokacin hutu kawai?"

Amsa ta gaskiya ba ta fitowa a tsaye a bakin ƙofa. Gurbin hutu ragowa ne, abin da ya saura bayan yaranki na kullum sun ɗauki nasu, kuma yana sauyawa daga Litinin zuwa Talata. Wadda ta ce "akwai" kafin ta ƙirga, ita ce za ta wayi gari a watan Agusta da yara bakwai a falo. Zan yi magana da mace don mata ne suka fi yawa a sana'ar, amma namijin da ke yinta ƙa'idar ɗaya ce. Dokokin da zan ambata na Ingila ne, inda Ofsted, hukumar da ke duba makarantu da wuraren raino, ko wata hukumar masu raino mai lasisi ke yin rajista. Sikotland da Wales suna da nasu hukumomin da nasu adadin, kuma hutun bazarar Sikotland tun ƙarshen Yuni yake farawa.

Fara da ƙirga, rana-rana

Ƙa'idar kula da ƙananan yara da ake kira EYFS, wadda tun Janairun 2024 aka fitar wa masu raino a gida da tasu daban, ta ce mai raino ɗaya ba za ta riƙe yara 'yan ƙasa da shekara takwas fiye da shida a lokaci guda ba. Cikin shidan, ƙanana ba za su wuce uku ba, kuma yaro yana cikin ƙanana har ranar 1 ga Satumba da ta biyo bayan cikarsa shekara biyar. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya, a al'ada ɗaya ne tak. 'Ya'yan cikinki suna cikin lissafin nan in suna gida a hannunki. Nan mutane da yawa suke tuntuɓe, domin ɗanki mai shekara bakwai da ke wuni a makaranta lokacin karatu, da hutu ya zo ya cinye gurbi ɗaya daga safe har yamma.

Ɗauki takarda, ki ja layi biyar na ranakun mako. A ce kina da yarinya 'yar shekara biyu mai zuwa duk shekara, da jariri mai zuwa Litinin zuwa Laraba, da ɗan shekara uku wanda mahaifiyarsa malama ce, don haka lokacin karatu kaɗai yake zuwa. Kina kuma da 'yan shekara shida guda biyu da kike ɗaukowa bayan tashi daga makaranta, ga ɗanki mai shekara bakwai. Da ido za ki ce hutu ya ba ki sarari tunda ɗan malama ya tafi. Amma ranar Litinin ta hutu, in 'yan shekara shidan nan duka suna son cikakken wuni, kina da yarinyar, jaririn, su biyu da ɗanki. Biyar ke nan, gurbi ɗaya ya rage. Ranar Alhamis jaririn ba ya nan, ɗaya daga cikin 'yan shekara shidan yana wurin kakarsa, sai gurabe uku suka buɗe. Saboda haka abin da za ki tallata ba "ina da wuri a hutun bazara" ba ne. Cewa za ki yi kina da gurbi ɗaya Litinin zuwa Laraba, uku ranar Alhamis, haka har ƙarshen mako.

Akwai sassauci ɗaya da ya shafi wannan aiki kai tsaye. Yaro mai shekara huɗu ko biyar da ya riga ya shiga makaranta, yana zuwa wurinki kafin makaranta ko bayanta ko lokacin hutu kaɗai, za ki iya riƙe shi tare da ƙanana ukunki, muddin jimilla ba ta haura shida ba. Amma ɗan shekara huɗu da ke wuni a wurinki duk shekara, wanda sai Satumba zai fara makaranta, yana nan cikin ukun har hutun bazara ya ƙare.

Waɗanda suka kai takwas ba a yanka musu adadi ba, sharaɗin dai kada riƙe su ya tauye kulawar da ƙanana ke samu. Kada wannan ya ruɗe ki. Kamfanin inshorarki yana iya samun nasa iyakar, motarki tana da nata kujerun, idonki kuma biyu ne. Ni a ganina, in ba za ki iya tsallaka titi da su duka ba tare da zuciyarki ta tsinke ba, sun yi yawa, ko doka ta yarda. Duba takardar rajistarki ma: 'yan biyar zuwa bakwai suna ƙarƙashin ɓangaren dole na rajistar kula da yara, 'yan takwas zuwa sama suna ɓangaren sa-kai, kuma wannan na biyun yana da amfani in iyaye za su nemi tallafin gwamnati.

Wane hutu ake nufi?

Wannan tambaya ta fi kama da wasa, amma ita ta fi haddasa rigima. Ƙananan hukumomi ne ke sa ranakun hutu ga makarantun da ke hannunsu, makarantun akadami, wato na gwamnati da ba sa hannun ƙaramar hukuma, suna da ikon sa nasu, makarantu masu zaman kansu kuma hutunsu ya kan fi tsawo. Wasu yankuna suna yin mako biyu a Oktoba. A Leicestershire hutun bazara yana riga na yawancin ƙasar farawa. Idan ɗan malamar nan yana bin kalandar wata makaranta, yaron hutu yana bin ta wata, za a samu kwanakin da dukansu ke buƙatarki a kan gurbi ɗaya.

Ranakun horar da malamai su ne babban tarko. A ranar makaranta a rufe take ga ɗalibai, don haka iyayen yaron hutu suna ɗaukarta a matsayin hutu. Malama kuwa tana wurin aiki, ɗanta yana hannunki. Kowace makaranta kuma ita ke zaɓar nata ranakun, sau da yawa a manne da farkon zango ko ƙarshensa. Magani shi ne ki sauko da kalandar kowace makaranta da yaranki ke zuwa, ki jera su a shafi ɗaya, sannan a yarjejeniya ki daina rubuta kalmar hutu ita kaɗai. Rubuta ranaku da kwanan wata. Ranakun horon malamai ki ce sai an tambaya, kuma sai in akwai wuri.

Kafin ki buɗe wa kowa, cire naki hutun. Mai raino da ta sayar da duk makonnin bazara shida za ta shiga Satumba a gajiye, daidai lokacin da sababbin ƙanana ke zuwa suna kuka. Ki kuma yanke shawara a kan ranakun hutun ƙasa da ke faɗawa cikin hutun makaranta: Juma'a da Litinin na Ista, Litinin ta ƙarshe a Mayu, Litinin ta ƙarshe a Agusta, da na Kirsimeti da sabuwar shekara. Za ki yi aiki a cikinsu? In za ki yi, kuɗin ɗaya ne ko da ƙari? Yaron hutu kaɗai, ban ga dalilin cajinsa ranar da kika rufe ba.

Wa ke fara zaɓa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hutun bazara, ki fara aikinsa da an dawo daga na Ista. Gajerun hutu, mako huɗu zuwa shida kafin lokaci ya isa.

Tsarin da ya fi zama adalci hawa uku ne. Da farko iyayen yaranki na kullum, musamman na bayan makaranta, domin su ke riƙe da sana'arki sauran mako 38. Ba su takarda ko saƙo mai ranar rufewa, wato ranar ƙarshe ta ba da amsa, su zaɓi ranakun da suke so. Bayan ranar ta wuce, sai waɗanda suka taɓa kawo yara lokacin hutu. Daga nan sai sababbi, bisa wanda ya riga biya. Saƙon ba sai ya yi tsawo ba, misali: "Barka da yamma. Na fara tsara hutun bazara. Don Allah a turo mini ranakun da ake so kafin ƙarshen wata. Bayan nan zan buɗe wa wasu, kuma ranar da ba a kama ba ba zan iya alkawarinta ba."

Wahalar ba a rubuta saƙon take ba, a tsayawa a kansa take. Za a samu uwar da kuke shiri sosai, ta yi shiru har tsakiyar Yuli, sannan ta ce ai ta ɗauka an sani. In kin ture wani yaro don ki sa nata, kin koya wa kowa cewa ranar rufewarki ado ce. Ki ba ta abin da ya rage da fara'a, ki sa ta a jerin masu jira.

Ki yi tunanin mafi ƙarancin abin da za ki karɓa. Wadda ta kama Laraba kaɗai a kowane mako tana iya hana ki mai son Litinin zuwa Juma'a. Wasu masu raino suna cewa cikakken wuni kawai, wasu suna sa kwana biyu a mako a matsayin ƙasa. Dabara mai sauƙi ita ce ki fara cika masu cikakken mako, sannan ki toshe ramukan da masu kwana ɗaya.

Maganar kuɗi, wadda ita ce zuciyar abin

Iyalin da ke zuwa kullum, in suka makara da biya, gobe za ki gan su. Iyalin hutu suna iya ɓacewa ranar Juma'a ta ƙarshe, sai bayan wata biyu ko ma har abada. Saboda haka yaron hutu ana biya masa kafin ya zo, babu bashi. Karɓi kafin alƙalami ranar da aka kama gurbi, ki rubuta cewa za a cire shi daga jimillar kuɗin, sannan ki sa ranar da za a cika sauran, misali mako biyu kafin hutu ya fara. Gurbin da ba a biya masa kafin alƙalami ba, magana ce kawai, kuma ki faɗa musu haka tun farko.

Kada ki haɗa kafin alƙalami da kuɗin riƙe gurbi. Na biyun shi ne abin da wasu masu raino ke karɓa a wurin iyayen yaran zangon karatu lokacin hutu, sau da yawa rabin kuɗi, don a ajiye musu wurinsu. In kina karɓarsa, akwai tambayar da sai kin amsa wa kanki: gurbin da aka biya ki don ki riƙe, za ki sake sayar wa yaron hutu? Ni ban ga kyawun cin kuɗi biyu a kan kujera ɗaya ba. Ko dai ki karɓi kuɗin riƙewa, wurin ya zama nasu in sun buƙata, ko ki yafe shi ki cika gurbin da yaron hutu. Hanya ta biyu ta fi kawo kuɗi in kin samu mai cikawa, ta farko ta fi kwanciyar hankali. Haka nan cajin iyalin hutu wani abu lokacin karatu yana da wuyar karewa, tunda ba ki ajiye musu komai a makonnin.

Farashin wunin hutu yana iya ɗara na kullum, kuma akwai hujja. Yaro ɗan makaranta ya fi cin abinci, fita ta fi yawa, ga aikin takardu na yaron da zai yi kwana goma kacal a shekara. Abin da ba shi da kyau shi ne ƙarin da ke ɓullowa daga baya. In kuɗin shiga gidan namun daji ko wurin ninkaya yana wuyan iyaye, su san shi tun ranar kama gurbi.

Wasu iyaye za su nemi a raba kuɗin hutun shekara gida goma sha biyu, su riƙa biya wata-wata. Ana yi, amma duba watan farawa. In an fara a Satumba, kafin bazara ta zo sun tara kuɗi a hannunki, in suka fasa ke za ki mayar. In an fara a Yuli, za su ci mako shida alhali wata biyu kaɗai suka biya, in suka tafi ke ke bin su. Rubuta yadda za a daidaita lissafi ranar rabuwa, ko ki ƙi tsarin gaba ɗaya ga wanda ba ki sani ba.

Tallafin gwamnati ma yana shafar lokacin da kuɗi ke shigowa. A tsarin Tax-Free Childcare gwamnati tana ƙara fam 2 a kan kowane fam 8 da iyaye suka zuba, har fam 500 a wata uku ga kowane yaro, har ya kai ɗan shekara 11. Sai kin yi rajista a tsarin kafin a iya biyanki ta nan, kuma kuɗin kan ɗauki 'yan kwanakin aiki kafin ya iso, don haka ki ce su tura da wuri, su kuma ba ki lambar shaidar biyan don ki gane na wane ne. Masu karɓar tallafin gwamnati na Universal Credit ana iya mayar musu har kashi 85 cikin ɗari na kuɗin raino, amma sai sun fara biya sun nuna shaida, saboda haka suna buƙatar rasit mai ɗauke da ranaku da lambar rajistarki, a kan lokaci. Awannin raino na kyauta da gwamnati ke biya, 15 ko 30 a mako, kuwa na mako 38 ne, kuma na yaran da ba su shiga makaranta ba. In ba a shimfiɗa su a kan duk shekara ba, hutu daga aljihu ake biyansa.

Sokewa

Rubuta wannan sashe kamar za a karanta shi ranar da ran kowa ya ɓaci. Wanda ya soke da wuri, a mayar masa in ban da kafin alƙalami. Wanda ya soke bayan ranar cika kuɗi, ko yaro ya kwana da zazzaɓi, ko kaka ta zo ziyara, kuɗin ranar ya tsaya. In ke kika rufe don rashin lafiya ko wani uzuri, ki mayar. Musanya rana ba haƙƙi ba ce, alfarma ce in akwai wuri. Dokar kare masu saye ta 2015 ba ta yarda da sharaɗin da ya yi wa mai saye rashin adalci ba, don haka riƙe kuɗin mako shida gaba ɗaya a kan wanda ya sanar tun wata biyu kafin lokaci ba zai tsaya ba in aka kai ƙara. Ni shawarata, duk ranar da kika samu wani ya cike gurbin, mayar wa wanda ya soke. Kuɗi kaɗan ne, kuma irin wannan ne iyaye ke faɗa wa junansu a bakin ƙofar makaranta. Ƙungiyoyin masu raino irin su Coram PACEY (a da PACEY) suna da takardun yarjejeniya da aka riga aka tsara, sai dai ki duba ko inshorarki ta shardanta amfani da wani nau'i kafin ta taimaka miki wajen karɓo bashi.

Baƙo ne kowane zuwa

Yaron da kika rabu da shi a Fabrairu ba shi ne zai dawo a Yuli ba. Ya ƙara tsawo, wataƙila an gano abincin da jikinsa ba ya karɓa, wataƙila iyayensa sun rabu kuma wanda ke ɗaukarsa ya sauya. Takardun da na kullum suka cika shi ma sai ya cika, ko kwana ɗaya zai yi: suna da ranar haihuwa, adireshi, wanda ke da haƙƙin iyaye a kansa, lambobin gaggawa, bayanin lafiya, izinin fita, izinin shiga mota, izinin hoto, izinin shafa man kariya daga rana. Magani ba a ba yaro sai da rubutaccen izini na wannan maganin. Kafin kowane hutu ki tura wa iyaye takardar su duba su sake sa hannu, kada ki tsaya ga "babu abin da ya canza" ta waya. Ki tambayi tsawonsa ma, domin doka ta ce yaro yana buƙatar kujerar mota ta yara har ya kai shekara 12 ko santimita 135, duk wanda ya riga zuwa.

Sabon yaro ya zo ziyara kafin ranar farko, ko ta awa ɗaya ce, zai fi kyau a lokacin da sauran yara suke nan. A nan za ki ga ko mai gudu ne in an buɗe ƙofa, ko yana da buƙata ta musamman da iyaye suka ji nauyin faɗa. Tambaye su kai tsaye irin taimakon da yake samu a makaranta.

Manyan yara suna zuwa da waya a aljihu, wayar kuma tana da kyamara, a gidan da ake canza wa jarirai nafkin. Yanke hukunci tun kafin su zo, ki faɗa wa iyaye: ko a bar ta a gida, ko ta zauna a akwati sai lokacin tashi. Haka ƙananan kayan wasan da ɗan shekara tara ke so, su ne jariri ke kai wa baki. Lokacin barcin ƙanana shi ne lokacin fito da su, a kan tebur, a kwashe kafin a farka. Sauran wunin ki gina shi a kan agogon ƙanana, fita da safe, dawowa kafin barci, domin babba zai iya jira, ɗan shekara biyu ba zai iya ba. Ki kuma ci gaba da rubuta sa'ar zuwa da ta tafiyar kowane yaro a rajistar kullum. A mako mai cunkoso ita ce shaidarki cewa ba ki taɓa haura shida ba.

Bayan hutu

Kuɗin Agusta yana iya ninka na wani watan, sai ya yi kamar riba ce duka. Mai raino tana aikin kanta ne, ita ke kai lissafinta ga HMRC, hukumar haraji, kuma harajin shekarar da ta ƙare 5 ga Afrilu ana biyansa kafin 31 ga Janairu mai zuwa, watan da aljihu ya fi bushewa. Ware kason haraji daga kuɗin bazara tun yana hannu, ki adana rasit na fita da na abinci.

A makon farko na Satumba, tun abin yana sabo a kanki, zauna da takardar nan mai layi biyar. Waɗanne ranaku ne suka zauna babu kowa, waɗanne ne suka fi ƙarfinki, wane iyali ne sai da kika bi su kafin su biya, wane yaro ne zai cika takwas kafin bazara mai zuwa ya fita daga lissafin shida. Iyalan da kika ji daɗin aiki da su, tura musu ranakun hutun Oktoba da na Kirsimeti a makon, tare da ranar rufewa.